Tifa ko katafila na shirin kifewa, a diro ko a zauna?

Malam, ka tambaya wai in mota ta fara karkata a wajen gini ko gara direba ya diro, wallahi kar ka kuskura. Sau da yawa gefen da ka diro nan za ta faɗo ta danne ka, ƙafa ko ƙugu su karye. Ƙarfen nan da ya kewaye kujerar katafila ai don haka aka yi shi, amma fa sai ka ɗaura bel, ka riƙe gam. Ita tifa matsalarta wajen juye kaya ne, ka ɗaga bodi a inda ƙasa ba daidai take ba, jiƙaƙƙen yashi ya maƙale gefe guda, shikenan ta tafi. Da damina kuma ka nisanci bakin rami, zaftarewa yake yi.