Kun Tambaya: Babu isekai ɗin da jarumi ke shan wuya ne?

Tambayar farko ta wannan makon daga wani ɗalibi ce a Ɗorayi, ga abin da ya rubuto:

"Salam Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni dai wallahi na gaji da anime ɗin nan da ake ce wa isekai, duk wanda mai turi ya zuba min a waya a Farm Centre labarin ɗaya ne, yaro na zaune a ɗaki ba aiki ba sana'a, mota ta kaɗe shi, ya farka a wata duniya da ƙarfin da ya fi na kowa, 'yan mata biyar na bin sa, kafin kashi na uku ya gama da sarkin dodanni. Babu wanda ya saɓa wannan layin ne, ko in haƙura in koma kallon bal?"

Wa alaikas salam ƙanina, kar ka haƙura tukuna. Abin da ka lura da shi gaskiya ne kuma yana da dalili. Anime dai katun ɗin Japan ne, isekai kuwa da Japananci "wata duniya" ke nan, kuma da yawan labaran nan sun fara ne a wani dandali na intanet mai suna Shosetsuka ni Naro da aka buɗe a 2004, inda kowa ke iya zuba labarinsa kyauta, masu karatu su ɗaga wanda suke so, kamfanonin ɗab'i su zo su kwashi na sama. To ka san halin kasuwa, in wani ya yi ciniki sai kowa ya kasa irin hajarsa, daidai da yadda littattafanmu na waya suka cika da attajiri ya auri 'yar aikin gidansu.

Fara da Grimgar of Fantasy and Ash, ya fito a 2016, kashi 12 ne kacal. Matasa ne suka farka a wani gari, ba sa tuna komai sai sunayensu, ba wanda ya tarbe su da gaɗa, aka ce in kuna son cin abinci ku shiga aikin sa-kai na farautar dodanni. Masu ƙarfin cikinsu suka ware suka tafi, aka bar ragowar su shida, kuma su shidan nan da ƙyar da jiɓin goshi suke kashe ƙaramin dodo guda ɗaya, shi ma dodon yana kururuwa yana kare ransa don shi ma ba ya son mutuwa, bayan sun gama hannun yaron da ya soke shi sai rawa yake. Ana nuna maka su suna lissafin kuɗin abinci, suna wankin 'yan tsummokaransu don ba su da na canji. Ni duk sanda na kalle shi ɗan cirani nake tunawa, wanda ya sauka a tashar Unguwa Uku da jaka ɗaya bai san kowa ba, bai san ma wace a-daidaita zai hau ba. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne, to wannan makantar ce sauran isekai suke tsallakewa, Grimgar kuma a kanta ya zauna. Akwai rasuwa da wuri a ciki, ba zan faɗa maka ta waye ba, amma ba a dawo da shi da wani siddabaru ba, zaman makoki aka yi sosai har da neman kuɗin sallamar gawa.

Sai Re:Zero, shi ma 2016, zangon farko kashi 25, Tappei Nagatsuki ne ya rubuta kuma a wancan dandalin ya fara shi a 2012, ka ga ashe daga cikin gidan aka samu mai gyara. Jarumin labarin, Subaru, ya fito daga shago da leda a hannu kawai ya tsinci kansa a wata duniya, har murna yake don a zatonsa shi ne zaɓaɓɓe. Baiwar da aka ba shi ɗaya ce: in ya mutu sai lokaci ya koma baya, ya tashi da tunanin duk azabar da ya sha, mutanen da ya saba da su sun manta shi, kuma an hana shi faɗa wa kowa. Amma ba wannan ne ya sa nake ganin girmansa ba, kashi na 13 ne. Ya je fada ya yi ta cika baki a gaban jarumai, aka lakaɗa masa duka, sannan ya juyo kan Emilia, yarinyar da yake cewa yana so, yana mata gorin duk abin da ya yi mata, wai ai ta ci bashinsa. A nan labarin ya fito fili ya nuna cewa yaron nan ba don ita yake wahala ba, don a kira shi gwarzo yake yi. Wallahi kallon wurin akwai nauyi, mutane da yawa a nan suke ajiye shi su ce jarumin ya ba su haushi, ni kuwa cewa nake ka daure zuwa na 18, inda ya zauna ya faɗi da bakinsa cewa tun a gida bai taɓa tsinana komai ba kuma sauya gari bai sauya shi ba. Na san samari da yawa a garin nan da suke ganin da zarar sun haura waje komai ya warware, da ma za su kalli wannan kashin.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah a Gwammaja:

"Malam ƙanwata 'yar shekara 13 ta nace da kallon katun ɗin Japan, na leƙa na ga ana mutuwa ana sake haihuwar mutum a wata duniya, hankalina bai kwanta ba. In hana ta ne?"

Hajiya kin kyauta da kika leƙa. Zane ba ya nufin na yara ne, Re:Zero ɗin da na yaba a sama akwai jini da tashin hankali, ban yarda 'yar 13 ta kalla ba, wasu kuma shigar matan ciki ba ta dace ba sam. Batun sake haihuwa kuwa ya samo asali ne daga addinin Buddha da ya daɗe a Japan, ba aƙidarmu ba ce, ki zaunar da ita ki faɗa mata haka ƙarara, cewa ƙagaggen labari ne kamar na Gizo da Ƙoƙi. Hukunci na malamai ne, ki tambaye su.

In kin yanke za ta kalla, ku kalli Ascendance of a Bookworm tare, na 2019. Shi ma da sake haihuwar ya buɗe, amma ba labarin takobi da yaƙi ba ne. Wata mai son karatu ce ta farka a jikin Myne, yarinya 'yar talakawa mai yawan rashin lafiya, babanta mai gadin ƙofar gari, a ƙasar da littafi sai gidan masu sarauta. Sai ta ce to ita za ta yi nata. Ta gwada saƙa ciyawa abin ya gagara, ta yi allunan yumɓu suka fashe a murhu, ta fere itace mamanta ta hura wuta da su, ta tara baƙin tukunya don rubutu, sai daga baya ita da abokinta Lutz suka dace da yin takarda da ɓawon itace. Yarinyar da ta taɓa wanke allo ta ga ana dafa tawada da ƙaro za ta gane wannan wahalar tun kafin a yi mata bayani.

Ta ƙarshe gajeriya ce daga Hotoro: "Frieren isekai ne?"

A'a ɗan'uwa, babu wanda ya zo daga duniyarmu a ciki. Amma shi ma ya juya labarin jarumi, don ya fara ne ranar da aka dawo daga yaƙin shekara 10 an ci nasara, bayan shekara 50 jarumin Himmel ya tsufa ya rasu, ita kuma abokiyar tafiyarsa Frieren, wadda ba ɗan Adam ba ce kuma irinsu na rayuwa sama da shekara 1,000, ta tsaya a bakin kabari tana kukan ba ta tsaya ta san shi ba. Zangon farko na 2023 kashi 28 ne, ka tanadi data ko ka ba mai turi memori mai fili.