Kafin ka ƙaro injin, ka daidaita ma'auninka

Tambaya: Ina da masana'antar haɗa kabad da gadaje da teburori. Samfuranmu sun kai kala arba'in, oda tana ƙaruwa, amma riba ba ta motsi. Ina shirin cin bashi in ƙaro injina domin in ninka aiki cikin shekara guda. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, ka jingine maganar bashin nan da mafarkin ninka aiki. Matsalarka ita ce kowane samfuri yana da nasa awon, da nasa ƙyauren, da nasa hinjin, kuma na tabbata babu takardar da aka rubuta su. Duk lokacin da aka sauya samfuri sai an tsayar da injin an sake saiti, kafinta yana tsaye kana biyansa, guntun katakon da ya rage kuwa ba ya shiga aikin gaba. A nan ribarka take zurarewa, sabon injin kuma zai ƙara wa ɓarnar sauri ne kawai.

Na san wani mai irin sana'arka wanda duk awon kayansa yake a kan babban kafintansa. Ranar da mutumin ya bar aiki, durowar da aka yanka ta ƙi shiga kabad, aka yi ta fiƙe ta da hannu, masu oda suka karɓe kuɗinsu.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. Tun 2012 Volkswagen take ƙera Golf da Audi A3 da Skoda Octavia a kan ginshiƙi ɗaya mai suna MQB, inda tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da wurin taka birki ba ta canzawa, alhali mai saye yana ganin motoci daban-daban. Benetton ma, mai yin tufafi a Italiya, ta kasance tana saƙa rigunan sanyi ba launi, sai ta ga abin da kasuwa take nema sannan ta rina.

Saboda haka ka zauna da littafin odarka na shekarar da ta wuce, ka ware samfuran da suka fi fita, waɗanda da wuya su wuce goma. Ka tsayar da faɗi uku da zurfi biyu ga dukkan kabad, hinji iri ɗaya, durowa mai shiga ko'ina, ka rubuta ka liƙa a jikin injin. Bambancin ya koma fenti da mariƙi da adon fuska, waɗanda ake sawa a ƙarshe. Wanda ya nace sai awon da ba naka ba, ka ɗora masa kuɗin sake saiti, ko ka ba shi haƙuri.