Kar ka je ɗauko ta ranar yaye

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma da shi na kwana a raina. Ka ce tun da kuka rabu da uwar yarinyar nan dangi ke matsa maka, wai da zarar an yaye ta ka je ka karɓo abarka, tunda ɗa na uba ne. Kana tambaya ko haka ne daidai.

Al'ada ce, ba na musu, mun tashi mun tarar ana yi. Amma koma ka buɗe Risalar da ka karanta a zaure. Riƙo bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har a kai ta ɗakinta. In uwar ta yi aure, riƙo ya koma hannun mahaifiyarta, bayanta 'yar'uwar uwar. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyanka duk inda yarinyar take. A Muwaɗɗa an ruwaito Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a harabar masallacin Kuba, ya ɗauke shi ya ɗora kan dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi. Umar bai ƙara cewa uffan ba.

Masu bincike ma nan suka biyo. A kwalejin horon malamai aka fara gaya mana labarin John Bowlby, likitan Ingila wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan illar raba ƙaramin yaro da mai renonsa. Daga baya wata masaniya a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru wajen 30, ta ga kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na 'ya'yan da iyayensu suka rabu sun girma lafiya ƙalau. Ka ga ba sakin kaɗai ke nakasa yaro ba. A 1991 Paul Amato da abokin aikinsa suka tattara bincike 92, abin da ya fi fitowa fili shi ne gabar iyaye, ita ce ke cin yaro. Irin wannan ilimi ne ya sa alƙalai a ƙasashe da dama suke fara duba wa yaron ya shaƙu da shi, da kuma wane ne cikin iyayen zai bar shi ya riƙa ganin ɗayan. Dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma maslahar yaro ta sa a gaba.

Ni kam ba a takarda na fara sanin wannan ba. Ina koyar da aji biyu aka kawo mini wani yaro da aka ƙwato daga uwarsa. In an tashi, ba ya tafiya gida. Sai ya tsaya gindin dogonyaro rungume da allonsa yana kallon hanyar unguwarsu. Uwar takan aiko masa da ƙuli-ƙuli ƙulle a leda ta hannuna. Ranar da uban ya gane, ya zane shi, ya zo har makaranta ya yi mini kashedi. Na ji tsoro na daina karɓa, har yau abin na damuna. Yaron nan ya shekara bai ɗaga hannu a aji ba.

Saboda haka ka bar ta wurin uwarta. Ka aika kuɗin abinci farkon wata ba sai an roƙe ka ba. Ran Juma'a ka je da kanka, ka gaida kakarta da ladabi, ka ɗauko ta ta yini a gidanku, ka mayar kafin magariba. Duk abin da ya haɗa ka da uwar, kada yarinyar ta ji shi daga bakinka ko bakin ƙannenka.

Babanka kuma bar ni da shi. Ƙanena ne, zan zo ran Asabar in Allah ya kai mu.

Gwaggonka