Doki mai tari a sukuwa: wankin huhu ko na maƙogwaro?

Ɗan'uwa, ka ce dokinka yana tari idan ya yi sukuwa, babu zazzaɓi, kana tambaya wane ruwa za a ɗiba a gano ciwon. A yi masa wankin huhu, wanda likitocin dabbobi ke kira BAL. Za a yi masa allurar kwantar da hankali, a zura doguwar roba ta hanci har ta cije a ƙaramar hanyar iska, a tura ruwan gishirin asibiti mai ɗumi mililita 250 zuwa 500, a zuƙo shi da sirinji. Kusan rabi ne ke dawowa. Idan ka ga kumfa a samansa, ruwan ya kai can ciki. A ɗakin gwaji ake ƙirga ƙwayoyin jini: niyutrofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) sama da kashi 5 cikin ɗari alamar asma ce, idan ta haura 25 ciwon ya yi tsanani.

Amma fa idan akwai zazzaɓi ko majina mai wari, a koma wankin maƙogwaro, wato a ɗebo ruwan daga babbar hanyar iska da ke wuya don gano ƙwayar cuta. Robar BAL tana kwaso ƙwayoyin cutar hanci a hanyarta, don haka ba ta da amfani wajen gano ƙwayar da ta kama huhu. Kada a yi BAL ga dokin da numfashi ke gagara. Ruwan kuma a sa shi a sanyi, a kai gwaji cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ƙwayoyin su lalace.