Hukuncin Camfi da Kukan Mujiya a Gidan da Ake Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mujiya ta yi sheƙa a cikin silin ɗakinmu, kullum dare sai ta yi ta kuka, ga shi mahaifiyarmu tana kwance ba lafiya. Maƙwabta sun ce kiran mutuwa ne ko aiken mayu, sun ce mu kashe ta. Mene ne hukuncin gaskata wannan magana, kuma ya halatta a kashe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba mahaifiyarku lafiya, Ya sa kaffara ce.

Gaskata cewa kukan mujiya yana sanar da mutuwa haramun ne, kuma camfi ne da ya girmi zuwan Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya kore yin camfi da tsuntsaye, ya kuma ambaci "hama" da sunanta. Imam Nawawi ya kawo cewa fassarar da Imam Malik ya yi wa "hama" ita ce tsuntsun daren nan, wanda idan ya sauka a kan gidan Balarabe a zamanin jahiliyya sai ya ce an yi masa shelar mutuwarsa ko ta wani cikin iyalinsa. Ke nan abin da maƙwabtanku suke faɗa shi ne ainihin abin da hadisin ya zo ya rushe. A ruwayar Abu Dawud da Tirmizi daga Ibn Mas'ud an kira camfi shirka. Malamai sun bayyana cewa ƙaramar shirka ce ga wanda ya ɗauki tsuntsun a matsayin alama, tana kuma zama babba ga wanda ya ƙudurta cewa shi da kansa yake kawo ajali. Tsoron da ya ɗarsu a zuciya kuwa, matuƙar ba a yi aiki da shi ba, babu laifi a kansa, tawakkali ne yake gusar da shi. Allah Ya ce a aya ta 34 ta Suratu Luƙman babu ran da ya san ƙasar da zai mutu, to ina tsuntsu zai samo wannan sanin?

Kukan da kuke ji yana da dalilai sanannu, domin aya ta 38 ta Suratul An'am ta ce tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Namijin mujiya yana kuka don ya shaida wa sauran maza cewa wurin yana da mai shi, yana kuma yi don kiran mace lokacin hayayyafa. Irin mai farar fuska da ke shiga silin da kangon gini ƙara take yi mai kaifi, 'ya'yanta kuma suna huci tsawon dare suna neman abinci, wanda galibinsa ɓeraye ne. Ina ganin abin da ya ƙarfafa camfin shi ne masu jinya ba sa barci, sai su ji abin da a sauran darare suke barci a kansa.

Game da kisa, mujiya ba ta cikin dabbobi 5 da aka yi umarnin kashewa a hadisin Nana A'isha, wato hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo, kuma kashe ta saboda camfi aiki ne da camfin kansa. Idan hayaniyarta ko kashinta yana cutar da mara lafiya, ya halatta a kore ta a toshe kafar silin, sai dai ya fi kyau a jira 'ya'yan su tashi in hali ya yi, saboda Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Kafin nan a sauya wa mahaifiyarku ɗaki, a kai ta asibiti, a lazimci addu'o'in safiya da maraice, kuma kada a jingina ciwon ga kowa da sunan maita, domin wannan ƙazafi ne mai zaman kansa.

Wallahu a'alam.