Shin yawan ambato ne ke nuna darajar masanin falsafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Katsina, ina shirin fara digirin digirgir a fannin falsafa. Na duba shafin Google Scholar na farfesan da nake so ya duba aikina, sai na ga maƙalunsa ba su da yawa, kuma lambar h ɗinsa ba ta ko kusanci ta wani matashin malamin kimiyyar sinadarai da na sani ba. Shin wannan alama ce ta rauni a iliminsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wannan lamba ita kaɗai ba ta isa a yanke wa malami hukunci ba, musamman a fanninku.

Ma'aunin h, wani masanin kimiyyar fiziya ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a shekarar 2005. Idan aka ce mutum yana da h 10, ana nufin yana da ayyuka 10 waɗanda aka ambaci kowannensu aƙalla sau 10 a rubuce-rubucen wasu. Saboda haka lambar ba za ta taɓa wuce adadin abin da mutum ya wallafa ba, komai nauyinsa. A kimiyyar sinadarai mutane da dama ne ke haɗuwa a kan maƙala ɗaya, kowa ya kwashi rabonsa na ambato, kuma sukan fitar da da yawa a shekara. Shi kuwa masanin falsafa galibi shi kaɗai yake rubutu, yakan shafe shekaru a kan littafi guda, ga shi rumbunan ƙidayar ambato irin su Scopus sun fi mayar da hankali kan mujallun Turanci fiye da littattafai. Abin da aka rubuta da Hausa ko Larabci kuwa, mafi yawansa ba ya ma shiga lissafin, wannan kuma yana damuna ƙwarai.

Ki dubi Edmund Gettier, wani masanin falsafa Ba'amurke. A 1963 ya wallafa maƙala mai shafi 3 kacal a mujallar Analysis, inda ya nuna cewa mutum zai iya yarda da abu, abin ya zamo gaskiya, yana kuma da hujja, amma duk da haka ba a ce ya sani ba. Misalin da aka saba bayarwa na irin wannan matsala shi ne agogon bango da ya tsaya: ki ɗaga kai ki ga ƙarfe 2, kuma a daidai lokacin ƙarfe 2 ɗin ne, alhali agogon tun jiya ya mutu. Kin dace, amma ba ki sani ba. Har ya rasu a 2021 Gettier bai ƙara wallafa wani abin a-zo-a-gani ba, amma har yau duk ɗalibin da ke nazarin ma'anar sani sai ya bi ta kansa. Da ma'aunin h za a auna shi, da ƙaramin malami ya fi shi. Haka shahararren masanin falsafa Ludwig Wittgenstein, littafin falsafa ɗaya ya wallafa a rayuwarsa, na biyun sai 1953, shekara 2 bayan mutuwarsa.

Mu nan ƙasar Katsina wannan ba baƙon abu ba ne. Malaman zaure ba su taɓa auna marubuci da tulin takardunsa ba. Suna duba ko an yi wa littafinsa sharhi, ko an yi wa sharhin hashiya, ko almajirai na ci gaba da ɗaukar karatunsa daga bakin malami zuwa malami.

Ban ce ki yi watsi da ambato gaba ɗaya ba, domin masanin da ya shekara 20 ba wanda ya tanka masa, akwai abin dubawa. Sai dai ki gwada shi da takwarorinsa na falsafa, ba da na wani fanni ba. Ki shiga PhilPapers, shafin intanet mai tattara rubuce-rubucen falsafa, ki nemo ayyukansa, ki ɗauki biyu ki karanta da kanki, sannan ki bi waɗanda suka ambace shi ki ga ko jayayya suke yi da hujjarsa shafi bayan shafi, ko kuwa sunansa kawai suka jefa a ƙasan takarda, ko ma shi ne yake ta ambaton kansa. Daga nan ki nemi ɗaliban da suka gama a hannunsa, ki tambaye su ko yana karanta babi idan an kai masa, da kuma wata nawa yake ɗauka kafin ya mayar.