Yaron da nake riƙo yana ihu cikin dare, an ce iskoki ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina cikin matan da aka yi wa horon riƙon yara a nan Damagaram. An kawo mini yaro ɗan shekara 8 cikin waɗanda aka kwaso daga Aljeriya, ba a gano danginsa ba tukuna. Yana fitsarin kwance, yana ɓoye tuwo ƙarƙashin katifa har ya yi tsami, cikin dare ya zabura yana ihu, ido buɗe amma bai gane ni ba. In babbar mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya sandare. Uwar mijina ta ce iskokin hamada ne suka biyo shi, za ta kai shi wurin mai ruƙiyya ranar Juma'a. Maigida kuma ya fara cewa a mayar da shi. Ina tsoron in cuci ɗan mutane. Don Allah me zan yi? (Uwar riƙo, Garin Malam)

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kada yaron nan ya je ko'ina ranar Juma'a. Ki lallashi Inna yadda za ki iya, ki sa maigida ya yi mata magana.

Tunda kin zauna horo, kin san yadda firgici ke zama a jikin yaro, ba sai na maimaita ba. Ki tuna hanyar da ya biyo kawai. Yaran da ake kai wa bara Aljeriya, da yawansu daga yankin Kance, ta hamadar da aka tsinci gawa 92 a watan Oktoban 2013 suke bi, kuma 52 cikin gawarwakin nan yara ne. A dawowa, a manyan motoci ake loda su zuwa Assamaka, garin da ke bakin iyakar Nijar da Aljeriya, daga nan Agadas. Yaron da ƙarar babbar mota ke sandarar da shi, ya san abin da mota ta taɓa yi masa. Tuwon da yake ɓoyewa kuma tsohuwar yunwa ce. Ki ba shi ɗan kwano mai murfi, ki zuba ƙuli-ƙuli ko dabino, ki ce nasa ne, babu mai taɓawa, kuma ki hana ƴaƴanki taɓawa da gaske. Yawancinsu suna daina ɓoyon da kansu.

Sai maganar iskoki, wadda kusan babu ranar da ba na jin ta a wurin aiki, har na gaji. Ban hana addu'a ba. Ki tofa masa Falaƙi da Nasi, ki shafa masa kai, wannan ma natsuwa ce gare shi. Abin da nake faɗa da shi shi ne abin da ake yi a ɗakunan wasu masu ruƙiyya. A sa ƙarti su danne yaro, a riƙa yi masa tsawa cikin kunne, a lulluɓe shi da bargo a tura masa hayaƙi, wani har da barkono, sannan a ɗauko dorina a ce ai ba shi ake duka ba, aljanin ake duka. To jikin wa ke tashi da shati? Ana ta tambayarsa "wane ne kai, daga ina ka zo?" Yaro ba wawa ba ne, ya gane ba za a daina ba sai ya ba da suna, sai ya ƙirƙiro. Nan take ɗaki ya ɗauki kabbara, a karɓi jika biyar ko goma, a ce a dawo mako mai zuwa don aljanin mai taurin kai ne. A dawo gida da yaro ya yi tsit kwana biyu, a ce ya warke. Wallahi ba warkewa ba ce. Ya dai ƙara tabbatarwa cewa manya, har da ke da kika fara zama masa uwa, suna iya miƙa shi a danne shi. Daga nan fitsarin ya ƙaru, wasu su gudu su koma kwanan tasha. Sai a ce aljanin ne ya dawo da ƴan'uwansa.

Ƙanwar wannan ɗabi'a ita ce tara yaran unguwa su yi masa amalala, ko a shanya tabarmarsa a bainar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2013 kan matsalolin da ke biyo bayan tashin hankali, ta ce a faɗakar da masu riƙo illar hukunta yaro kan fitsarin kwance. Jagorar ta kuma hana ba yara irinsa ƙwayoyin barci dangin diazepam, waɗanda masu tallar magani a faranti ke sayarwa kamar gyaɗa. Kar ki saya. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Mai dorinar nan a ina ya samo tasa sunnar?

Ihun da kika kwatanta, in a farkon dare yake zuwa kuma da safe bai tuna komai, firgitar barci ce. Kada ki jijjiga shi ko ki watsa masa ruwa. Ki zauna kusa, ki kawar da abin da zai buge, ki yi magana ƙasa-ƙasa, cikin ƴan mintoci zai koma barci. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen kwanciyarsa, ki bar masa tocila da bokiti kusa, don da yawansu tsoron fita ban-ɗaki cikin duhu suke. Da safe ku wanke tare, ba faɗa. Kar kuma ki matsa masa ya ba ki labarin hamada. In ya fara da kansa, ki saurara.

Amma a kai shi likita a duba fitsarin. In akwai zafi ko jini a ƙarshensa, yana iya zama tsargiya, maganinta kuwa mai sauƙi ne. In kuma jikinsa na karkarwa, yana cizon harshe ko abin na zuwa da rana, a nufi babban asibitin Damagaram a bincika farfaɗiya, ita ma da yawa an sha dukanta da sunan iska.

Ki faɗa wa maigida cewa kowane sauyin gida sabon rauni ne ga yaron nan. Sannan ki koma wurin ma'aikacin kare yara da ya kawo miki shi, ki nemi ya zo gidan ya zauna da Inna da maigida, tunda su ba a gayyace su horon ba. Wannan ne abin da ke ba ni haushi da yawancin tarukan nan: kwana biyu a zaure, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida, sai a bar mace ita kaɗai da yaro mai ihu ƙarfe goma sha ɗaya na dare. In ya ce babu kuɗin mai, ki sake komawa, ki ce masa a rubuta a takardar yaron cewa kin zo kin faɗa.